Gurbin Ƙasa, Gumin Yara: Yadda Ake Kaiwa Gasar Duniya ta Matasa a Wasan Kurlin

Cikin hunturun 2024 ne, a watan Janairu, muna zaune a fadarmu ta unguwar Zariya a Maradi bayan la'asar. Shayi na biyu yana kan gawayi, ƴan petank, wasan jifan ƙwallon ƙarfe, suna gefe guda suna auna tazarar ƙwallo da igiya, sai ɗan ƙanwata ya miƙo mini salula ya ce, "Kawu, dubi ƴan Najeriya suna shara a kan ƙanƙara." Na karɓa na duba. Yara ne maza da mata, ɗaya ya durƙusa ya tura wani dutse mai mariƙi, biyu suna bin dutsen suna goge gabansa da tsintsiya da iya ƙarfinsu, na huɗu yana can nesa yana ta kira. Gasar Olamfik ta matasa ce ta lokacin sanyi, a lardin Gangwon na Koriya ta Kudu. Yaron ya yi mini tambaya biyu a jere: ta ina suka bi suka kai can, kuma mu me ya hana mu? Tambayar farko ce ta ja ni na bi diddigin wasan, kuma abin da na tarar game da yadda ake tace matasa zuwa gasar duniya ya fi wasan kansa tsaya mini a rai.

Duk wanda ya san petank ya riga ya san rabin kurlin. Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum huɗu da dutse takwas, kowane ɗan wasa ya jefa biyu, ana karɓa-karɓa. Filin doguwar shimfiɗar ƙanƙara ce mai tsawon kusan mita 45, faɗinta bai wuce mita 5 ba, a kowane ƙarshe an zana da'ira cikin da'ira da ake kira gida. Idan duwatsu 16 suka ƙare, turmi ɗaya ya ƙare ke nan. Wanda dutsensa ya fi kusa da cibiyar gida shi kaɗai ke cin maki, kuma ana ƙirga masa duk dutsen da ya fi mafi kusan na abokin karawa kusanci. Lissafin petank ne sak, sai dai a nan abin da ake nufa ba ya motsi. A gasar duniya ta matasa, har zuwa ta 2025, turmi goma aka riƙa yi.

Dutsen yana kai kilo 17 zuwa kusan 20, kuma ana sassaƙa mafi shaharar irinsa daga duwatsun wani tsibiri na Sikotland mai suna Ailsa Craig. Kafin a fara wasa ana yayyafa wa filin ruwa ya daskare ya zama ƙananan ƙuraje, a kansu dutsen yake tafiya. Mai jifa yana ɗan murɗa mariƙin yayin saki, sai dutsen ya riƙa lanƙwasa hanya yana tafiya, har ya iya zagaye wani dutse ya ɓuya a bayansa. Sharar da ta ba yaron mamaki aiki ce ta gaske: gogewar tana ɗan ɗumama fuskar ƙanƙara, dutsen ya ƙara nisa kuma ya rage lanƙwasa. Akwai kuma rigimar dutsen ƙarshe. Wanda ke da jifan ƙarshe a turmi yana da babbar dama, amma da zarar ya ci maki damar ta koma hannun abokin karawa. Shi ya sa za ka ga ƙungiya ta ƙi cin maki ɗaya da gangan, ta bar gida wayam, don ta riƙe dutsen ƙarshe ta nemi biyu a turmi na gaba. Masu dara za su gane wannan irin haƙuri.

Wasan ya tsufa. A Sikotland akwai dutse da aka rubuta wa shekarar 1511. Hukumar duniya da ke kula da shi an kafa ta a 1966, mazauninta yana birnin Perth na Sikotland, kuma tun gasar Nagano ta 1998 yake cikin jadawalin Olamfik na lokacin sanyi ba yankewa. Gasar duniya ta matasa maza ta fara a 1975 a Kanada, shekarar da Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko na kokowar ƙasa a Tawa. Ta ƴan mata sai 1988, a Chamonix ta Faransa.

Wa ake kira matashi a nan? Doka ta yanke rana guda: kada mutum ya cika shekara 21 kafin ƙarshen 30 ga Yuni na shekarar da ta gabaci shekarar gasar. Mun zauna da ɗan ƙanwata mun yi lissafi da kansa. An haife shi a Agustan 2006, ke nan ranar 30 ga Yunin 2027 yana da shekara 20, yana da damar buga gasar 2028. Abokinsa da aka haifa a Mayun wannan shekarar, wata uku kacal tsakaninsu, gasar 2027 ce tasa ta ƙarshe. Ƙungiyar mutum huɗu da suka shekara biyar suna wasa tare tana iya wargajewa a kan wannan rana. A nan na tuna yawan yaranmu da ba a yi musu takardar haihuwa ba sai da za a sa su lakwal aka je wurin alƙali aka ƙiyasta shekara. Duk gasar da ta dogara ga ranar haihuwa tana fara tace mu tun daga nan, ko da kokowa ce ko ƙwallon ƙafa.

Yanzu ga zuciyar maganar. Hanyar zuwa gasar duniya ƙofa biyu ce, kuma mutane sukan ruɗa su. Ƙofar farko ta cikin gida ce: wace ƙungiya ce za ta ɗauki tutar ƙasa? Kowace ƙasa da tsarinta. A Kanada sai ka yi nasara a lardinka, sannan ka je gasar ƙasa ka kara da zakarun sauran larduna. A wasu ƙasashen masu horarwa ne ke zaɓen ƴan wasa su haɗa ƙungiya. A ƙananan ƙasashe kuwa ana iya samun ƙungiya ɗaya tak da ta cika sharaɗin shekaru, ita ce za ta tafi. Ƙofa ta biyu ita ce: ƙasar taka tana da gurbi a gasar ma tukuna? Kana iya zama zakaran ƙasarku ka tarar ba kujerar da za ka zauna.

Tsarin da aka bi daga 2016 har zuwa gasar 2025 ya ware ƙasashe goma a babban rukuni, maza daban mata daban. A yawancin shekaru rabon yakan kasance haka: mai masaukin baƙi tana da gurbi, ƙasashe shida da suka fi ƙoƙari a gasar bara suna riƙe nasu, saura uku kuwa sai an yi gumi a gasar rukunin B. Kowace ƙasa tana karawa da sauran tara, huɗun farko su wuce zagayen gaba, na can ƙasa su gangara rukunin B. Kafin 2016 ana tacewa ne ta nahiya, Turai da gasarta, yankin Asiya da Fasifik da tasa. Sai aka rushe su aka haɗa kowa a rumfa ɗaya, kuma garin Lohja na ƙasar Finlan, a cibiyar wasanni ta Kisakallio, shi ya fi kowa karɓar baƙuncinta. A shekarun baya-bayan nan cikin Disamba ake yin ta, babbar gasar kuma ta biyo baya, galibi a Fabrairu ko Maris.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne gurbin ba na yaran da suka yi wasa ba ne, na ƙasa ne. Ƙungiyar da ta zo ta biyar a bana ta ajiye wa ƙasarta kujera ta baɗi, amma wataƙila uku daga cikin huɗun shekarunsu sun wuce, wasu ne za su zo su zauna. Haka idan ta faɗi: waɗanda suka yi asarar gurbin sun tafi rukunin manya, ƙannensu da ba su jefa dutse ko ɗaya a wancan kayen ba su ne za su je Lohja cikin tsakiyar sanyi su biya bashin. A gasar manya ɗan wasa yana iya faɗuwa ya dawo da kansa ya rama, ya shekara goma yana gyara sunansa. A ta matasa wani ya haƙa rijiya wani ya sha, wani kuma ya zubar da ruwan wani ya kwana da ƙishi.

Kanada ce ta fi nuna wannan. Ba ƙasar da ta kai ta yawan masu wasan kurlin da yawan ɗakunan ƙanƙara, kuma a 2020 a Krasnoyarsk ta Rasha ita ta kwashe zinaren maza da na mata gaba ɗaya. Annobar korona ta sa aka soke gasar 2021. Da aka dawo a 2022 a Jönköping ta Suwidin, ƴan matan Kanada suka ƙare a ƙasa suka gangara rukunin B. Wata ƙungiya ce dabam ta je ta dawo da gurbin a Disamban shekarar, ƙarƙashin Emily Deschenes, wadda ita ma an ɗauko ta ne ta jagoranci ƙungiyar saboda jagorar asali shekarunta sun haura. Girman suna da tarihi ba su hana faɗuwa ba, kuma ba wanda ya ce a yi wa Kanada alfarma don girmanta. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Ta ɗaya gefen kuma, rukunin B ba juji ba ne. Samarin Sin ƙarƙashin Fei Xueqing sun fito daga B a Disamban 2022, bayan wata biyu suka zama zakarun duniya a Füssen ta Jamus. Ƴan matan Sikotland ƙarƙashin Fay Henderson su ma ta wannan ƙofar suka biyo, su ma suka ɗauki zinare a gasar guda. Akwai dalili. Ƙungiyar da ta sha wasa bayan wasa a Disamba, kowanne da wuƙa a wuya, tana isa babbar gasa a dafe. Ta saba da matsi, ta san juna, ta san irin ƙanƙarar da ƙwararru ke shiryawa. Wadda ta gaji gurbi a zaune kuwa wani lokaci ranar farko ta babbar gasar ce ranar farko da ta taɓa sa rigar ƙasa.

A rukunin B akwai wani wasa da nake ganin ya fi duk sauran nauyi, kuma ba shi ne na ƙarshe ba. A shekarar da gurbi uku ake rabawa, duk wanda ya ci wasan kusa da na ƙarshe ya riga ya haye, wasan zinare ya zama na neman lambar yabo kawai. Su biyun da aka kayar su ne za su haɗu a wasan neman na uku, mai nasara ya tafi gasar duniya, wanda aka kayar ya koma gida hannu rabbana, ya jira shekara guda, in ma shekarunsa sun bar shi. A wasu wasannin neman na uku ladan gaɓe ne. A nan yaro ɗan shekara 20 yana durƙusawa ya jefa dutsen da ya san shi ne na ƙarshe a rayuwarsa ta matashi, kuma makomar ƙannen da bai ma san su ba tana rataye a kansa.

Me ya sa ƙasashe suke ɗaukar abin da zafi haka? Saboda daga wannan rumbu ake ɗibar manyan gobe. Brad Gushue na Kanada ya ci gasar matasa a 2001, ya ci zinaren Olamfik a Turin a 2006. Niklas Edin na Suwidin ya ci ta matasa a 2004, zinaren Olamfik ya zo masa a Beijin a 2022. Anna Hasselborg ta ci a 2010, ta ɗauki zinare a Pyeongchang a 2018. Eve Muirhead ta Sikotland sau huɗu tana zama zakarar matasa, a 2007, 2008, 2009 da 2011, kafin ta jagoranci Birtaniya zuwa zinare a 2022. Ƙasar da ta shekara uku a rukunin B ta yi asarar zubi guda na yara da ba su taɓa gogayya da manyan takwarorinsu ba, kuma giɓin zai bayyana bayan shekara goma. Jerin zakarun baya-bayan nan ma yana nuna yadda ƙofar ta buɗe: ƴan matan Japan a 2022, samarin Norwe da ƴan matan Suwizalan a 2024, samarin Italiya da ƴan matan Koriya ta Kudu a 2025 a Cortina, a ɗakin da aka tanada don Olamfik ta 2026.

Mu a nan mun san tacewa. Kafin ɗan kokowa ya sa rigar jihar Maradi sai ya fito daga karkararsa, ko Tasawa ce ko Dakoro ko Madarumfa ko Gidan Rumji, ya zo ya tsaya a zaɓen jiha, a fitar da goma. Jiha takwas, ƴan kokowa 80, takobi ɗaya. Wannan daidai yake da ƙofar farko ta kurlin. Amma ƙofa ta biyu ba mu da ita, domin kowace jiha kujerarta a ajiye take, ko ƴan kokowarta goma sun faɗi tun kwanakin farko baɗi za ta dawo da goma. Ga kwambalar takobi hakan ya dace, domin taron zumuncin ƙasa ne, ba wanda zai so a yi shi babu Diffa ko Agadas. Sai dai tsarin da ba a faɗuwa a cikinsa ba ya tilasta wa kowa ya yi tanadin na baya. Gwarzo ɗaya yana iya rufe wa jiha asiri shekara da shekaru. A gasar matasa ta kurlin gwarzo ba ya daɗewa, doka ce ke fitar da shi, don haka abin da ake aunawa a zahiri shi ne ko akwai wasu huɗu a bayan waɗannan huɗun, da wasu a bayan su.

Duk da haka ba zan ce tsarin ya cika adalci ba. A takarda, kowace ƙasa da ke cikin hukumar tana iya tura yaranta rukunin B. Amma ƙofar gaskiya ƙanƙara ce. Ƙanƙarar kurlin ba irin ta kowane filin zamiya ba ce, sai an daidaita ta sumul, an riƙe sanyinta wajen digiri 5 ƙasa da sifiri dare da rana, an sami gwanin da ya iya yayyafi da kankare ƙurajen. Yaron Kanada ko Suwidin yana tashi daga makaranta ya shiga ɗakin ƙanƙarar garinsu. Najeriya, wadda ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga hukumar a 2018, yaranta a Legas suke atisaye a kan daɓe da duwatsu masu taya. Suna koyon lissafi da dabara, amma nauyin jifa, wato sanin ƙarfin da za ka sa dutse ya tsaya daidai inda kake so, ba a koyonsa sai a kan ƙanƙara. Ga kuɗin jirgi zuwa Finlan, ga biza, ga masauki na mutum biyar da mai horarwa. Yaran da muka gani a salula sun sha kaye da rata mai faɗi a Gangwon, kuma ban ga abin kunya a ciki ba, domin sun tsaya gaban waɗanda suka girma a kan ƙanƙara suka kammala wasanninsu. Kenya ta shiga a 2021, ita tana da ɗan filin zamiya a wani otel a Nairobi. Manyan Najeriya ma sun taɓa ɗanɗana nasara, sun doke Faransa a gasar duniya ta mace da namiji a Stavanger a 2019.

Haɗa kowa a rumfa ɗaya da aka yi a 2016 ya amfani ƙasashe masu ƙarfi na tsakiya, domin yanzu ba ruwan kowa da nahiyar da ka fito, iyawarka kawai. Amma ya sa sabon shiga yana haɗuwa da Kanada ko Sikotland a rukuni guda idan sun gangaro, kamar a haɗa yaron da ya fara ɗaura walki bana da mai takobi. Wasan da aka gama shi tun turmi na uku ba ya koya wa kowa komai. A ganina sababbin ƙasashe sun fi buƙatar makonni a kan ƙanƙara kafin gasa da kuma karawa da sa'o'insu. Wasan mutum biyu, mace da namiji, wanda ya shiga Olamfik a 2018 kuma aka fara yi wa matasa gasar duniyarsa a Edmonton a 2025, ya fi sauƙi ga irinsu, domin samun yara biyu masu shekarun da suka dace da kuɗin tikitinsu ya fi samun huɗu.

Tambayar yaron ta biyu, me ya hana mu, amsarta a bayyane take ga duk wanda ya kwana a Maradi cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, mai sayar da ƙanƙarar sha ma yana fama. Nijar ba ta taɓa zuwa Olamfik ta lokacin sanyi ba, kuma ba zan ba kowa shawarar a zuba kuɗi a gina ɗakin ƙanƙara a nan ba. Lambobinmu biyu na Olamfik, tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Alfaga a tekwando a 2016, sun fito ne daga wasannin da ake iya koya a fili da kayan aiki kaɗan.

Abin da nake so mu ɗauko ba ya buƙatar sanyi. Na so a ce muna da kwambalar kokowa ta ƴan ƙasa da shekara 18 tsakanin gundumomin jihar nan, da ta petank tsakanin unguwanni, mai hawa biyu, na sama da na ƙasa, ana hawa ana sauka kowace shekara, gurbin kuma na gunduma ne ko na unguwa. Ranar da Mayahi ta gangara saboda yaranta sun girma ba ta tanadi wasu ba, a ranar ce dattawan kokowar Mayahi za su fara zagaya ƙauyuka bayan girbi suna neman ƴan shekara 14. Kuma dole a yanke ranar shekaru guda a tsaya a kanta, a nemi takardar haihuwa tun ranar rajista, ko da hakan zai sa a fara da yara kaɗan.

Na faɗi haka a fada, sai wani dattijo cikin ƴan petank ya ɗago daga awon da yake yi ya ce mini, "Malam, ai mu nan ba mu taɓa ba yaro ƙwallo ba sai in mutum bai cika ba." Na dubi filin, mutum shida ne ke wasa, mafi ƙanƙantarsu ya haura arba'in, yara kusan goma suna tsaye a bakin layi suna kallo. Ɗan ƙanwata ya mayar da salular aljihu ya ce, "Baba, to yau mutum bai cika ba ne ko ya cika?" Dattijon ya goge ƙwallayensa uku da tsumma ya miƙa masa.